Kwarin Beka'a, Inda Ake Hana Inabi Ruwa

Matafiyin da ya bar birnin Bairut da sassafe ya kama hanyar Dimashƙa, ba zai yi nisa ba sai ya ji mota ta fara nishi. Daga nan kuwa sai hawa, lanƙwasa bayan lanƙwasa, teku tana ƙara nisa a bayansa, iska tana ƙara sanyi, har ya isa wata mashiga a ƙwanƙolin duwatsu da ake kira Dahar al-Baidar, wadda tsayinta daga gaɓar teku ya kai kimanin mita 1,500. Da hunturu dusar ƙanƙara takan toshe wannan mashiga, manyan motoci su yi cirko-cirko sai an zo an share. Amma idan sararin sama ya washe, da zarar mota ta karya ta fuskanci gabas, sai mutum ya ga ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinsa kamar an shimfiɗa tabarma mai launi-launi tsakanin bango biyu. Wannan shi ne kwarin Beka'a, rumbun abincin ƙasar Labanan, ƙasar nan ta Kwarori waɗanda mutanen Kano suka daɗe da sani a bakin kantuna.

Tsawon kwarin ya kai kimanin kilomita 120, faɗinsa kuwa galibi bai wuce kilomita 16 ba. Ta yamma duwatsun Labanan ne suka tare shi daga teku, ta gabas kuma wani jerin duwatsu ne ya raba shi da Siriya. Sunan kwari da ake kiransa da shi yana iya ruɗin mai karatu, domin ƙasansa ma yana bisa kimanin mita 1,000, watau kaɗan ya rage ya kai tsayin garin Jos. Koguna biyu ne ke fita daga cikinsa, Litani ya yi kudu, Asi ya yi arewa. Ana noma alkama da dankalin Turawa da albasa da kayan lambu, can wajen arewa kuma akwai gonakin tabar wiwi waɗanda suka daɗe suna ba gwamnatocin ƙasar ciwon kai. Mutanensa ma haka suke a cakuɗe. Zahale garin Kiristoci ne, Ba'albak galibi 'yan Shi'a ne, ƙauyukan yamma kuwa akwai Sunni da Kirista da Duruz, wani lokaci tsakanin wannan ƙauye da wancan bai fi tafiyar sa'a guda a ƙafa ba.

Wanda inabi ya kawo shi, idan ya sauko garin Shatura sai ya bar hanyar Dimashƙa ya yi kudu, ya bi gindin dutsen Baruk, har ya kai ƙauyukan Ana da Kafaraya. A nan ne zai ga abin da zai ba shi mamaki. Duk wanda ya saba ganin rumfunan inabi irin na Kudan a ƙasar Zazzau, inda ake kafa turaku a ja waya, a riƙa ban-ruwa, itace ya yi yabanya ya rufe sama, to a tsofaffin gonakin nan sai ya yi zaton an yi watsi da su ne. Gindin inabi ne gajere, da ƙyar ya kai ƙugun mutum, kututturensa a murɗe kamar hannun tsohon maƙeri, babu turke babu waya, rassansa sun bazu sun sunkuyo ƙasa. Ƙasar kuwa tsakuwa ce zalla bisa dutsen farar ƙasa, irin wadda manomin dawa zai duba ya girgiza kai ya wuce. Ba rijiya, ba injin ban-ruwa, ga rana tana dukan wurin tun safe har yamma. Daga irin waɗannan gonaki ne ake samun jar giyar inabi mai suna Chateau Musar, wadda masu sha'anin suke lissafa ta cikin fitattu na duniya.

Ba sai an tuna wa mai karatu hukuncin giya a Musulunci ba, kuma da yawa daga maƙwabtan gonakin nan ba su taɓa kai ta bakinsu ba. Su nasu inabin ci ake yi ɗanye, ko a shanya ya zama zabibi, ko a dafa ruwansa har ya yi kauri kamar zuma, abin da suke kira dibis, ganyen kuma a naɗe shinkafa da nama a ciki. Amma Labanan ƙasa ce mai addinai da yawa, iyalin Hochar kuwa, masu wannan kamfani, Kiristoci ne, sana'arsu ke nan tun 1930. Abin da ya sa labarinsu ya isa a ba da shi ga kowane manomi shi ne yadda suka ɗora dukan arzikinsu bisa amfanin gonakin da su da kansu ke kula da nomansu, a wuri guda, suka ƙi sauya shi ko da harsashi ya raba su da gonar.

Da farko dai sai a fahimci yanayin wurin, domin ya saɓa wa namu. A Labanan damina da hunturu tare suke zuwa. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Afrilu ake ruwa, a kan duwatsu kuma dusar ƙanƙara ta taru ta yi tsibi. A wannan lokaci itacen inabi barci yake yi, ya zubar da ganye ya zama kamar busasshen kara. Sa'ad da ya farka ya fara toho, ruwan ya ɗauke, kuma daga Yuni har zuwa girbi da wuya a ga ɗigo ɗaya. To, da me zai rayu? Da abin da ƙasa ta adana. Dusar da ke kan duwatsu tana narkewa a hankali, ta tsiyaye ta cikin tsagogin dutse ta gangaro ƙarƙashin kwarin. Itacen da ba a saba masa da ban-ruwa ba tilas ya tura saiwarsa ƙasa, mita bayan mita, yana bin danshi. Wanda kuwa aka shagwaɓa da ruwa, saiwarsa a sama-sama take tsayawa, ran da aka yi sakaci sai ya yi yaushi. Shi ya sa tsohon gindi ya fi sabo daraja a wurinsu. Sabon dashe yakan yi shekara uku kafin ya ba da abin kirki, amma kafin a yarda 'ya'yansa su shiga babbar giyar gidan sai ya ƙara shekaru masu yawa a kai.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi wuyar shiga kan manomin da ya saba auna nasara da yawan buhuna. Idan aka matse jan inabi, ruwan da ke fitowa kusan fari ne. Jan launin da ƙamshin, da wani bauri mai kama harshe irin na goro, duk a ɓawo suke da ƙwallon ciki. Wannan baurin kuwa shi ke sa abin ya jure ajiya shekara ashirin ko talatin bai lalace ba. Saboda haka mai wannan sana'a ɓawo yake nema. Inabin da ya sha ruwa ya ƙoshi yakan yi manyan 'ya'ya masu sha'awa a ido, ruwa da yawa ɓawo kaɗan, irin wanda mai talla zai so. Wanda ya sha ƙishirwa kuwa 'ya'yansa ƙanana ne, masu kaurin ɓawo, zaƙinsu da ƙamshinsu a dunƙule. A gonakin Musar abin da hekta guda ke bayarwa bai cika wuce lita 3,500 ba, alhali gonar da ake yi wa ban-ruwa da taki tana iya ninka wannan sau biyu ko uku. Watau da gangan suke barin rabin amfanin gona, ko fiye, domin sauran ya yi ƙarfi. Mai lissafin kuɗi na shekara guda zai kira wannan wauta, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba sai an jira shekara bakwai.

Tsayin wurin ma yana da nasa aikin. Da rana zafi yakan yi tsanani, 'ya'yan su tara zaƙi, amma da zarar rana ta faɗa bayan dutsen Baruk sai sanyi ya sauko, har mai gadin gona ya nemi bargo a tsakiyar watan Agusta. Sanyin daren nan shi ke hana ɗan tsamin da ke cikin inabi ƙonewa, in ba don shi ba da abin da za a samu zaƙi ne salam marar armashi. Rashin ruwan sama a lokacin nuna kuma ya raba su da fumfuna, wadda ita ce babbar abokiyar gabar masu inabi a Faransa, inda akan yi ta feshi duk tsawon bazara. A nan kuwa iska busasshiya ta ɗauke musu wannan nauyi. Tun kafin noma ba tare da maganin feshi da takin zamani ba ya zama abin yayi a Turai, haka gidan Musar ke yi, takardar shaida ce kawai ba su karɓa ba sai a 2006. Gajartar itacen ma dabara ce. Rassan da suka sunkuyo suna yi wa 'ya'yan laima, rana ba ta ƙona su, kuma ƙasar gindin ba ta saurin bushewa.

Aikin da ya fi kowane muhimmanci a gonar ana yinsa ne sa'ad da babu abin kallo, watau cikin tsakiyar sanyi, wajen Janairu da Fabrairu. Ma'aikaci yakan bi gindi-gindi da almakashi yana yi wa itacen aski, ya datse kusan duk rassan bara, ya bar 'yan guntaye, kowane da ido biyu ko uku. Daga idanun nan ne sababbin rassa za su fito, kowane reshe da nasa curin 'ya'ya. Ashe ke nan tun a ranar askin aka yanke yawan abin da za a girba a watan Satumba. In ya bar ido da yawa itacen ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa, 'ya'yan su ƙi nuna sosai. In ya rage fiye da kima an yi hasarar shekara. Babu littafin da zai gaya masa adadin, sai dai ya dubi ƙarfin kowane gindi ya yi masa hukunci. Bayan wannan sai zaman ɗar-ɗar na watan Afrilu, domin idan sabon toho ya fito aka yi dare guda mai tsananin sanyi har raɓa ta daskare, to da safe sai a tarar ya yi baƙi ya langaɓe.

Akwai kuma zancen aure, irin wanda ake yi wa mangwaro. Tun daga shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cin saiwa, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye gonakin inabin Turai har ya kusa kashe sana'ar baki ɗaya. Maganin da aka samu shi ne a ɗauki reshen inabin Turai a aura shi bisa gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, kuma yawancin inabin duniya a yau mai aure ne. Sai dai can bisa gangaren duwatsu gidan Musar yana da tsofaffin itatuwan farin inabi iri biyu na asalin ƙasar, Ubaida da Marwa, waɗanda har yanzu bisa saiwarsu ta gado suke tsaye. Jar giyar kuwa daga iri uku ake haɗa ta, duka baƙi ne. Kabane daga yankin Bordo na Faransa ya fito, shi ke ba da bauri da ƙarfin jure ajiya. Sanso da Karinyan 'yan ƙasashen zafi ne na gaɓar Bahar Rum, na farkon ya kawo taushi da ƙamshi, na biyun ya kawo launi da ɗan yaji.

Noman inabi ba baƙo ba ne a wannan kwari. A Ba'albak har yau ga wani katafaren ɗakin bauta da Rumawa suka gina kimanin shekara 1,800 da suka wuce, wanda ake danganta shi da Bakus, gunkinsu na giya, an sassaƙa rassan inabi a jikin ƙofarsa. Sana'ar ta ja baya ƙwarai a zamanin mulkin Turkawa, sai a 1857 wasu limaman Katolika na ɗariƙar Jesuwit suka farfaɗo da ita a Kasara, kusa da Zahale, da irin da suka kawo daga Aljeriya. A 1898 suka gano wasu koguna na zamanin Rumawa a ƙarƙashin ƙasarsu, suka mai da su ma'ajiya, suka riƙe wurin har 1973 da suka sayar.

Gaston Hochar yana ɗan shekara 20 ya kafa nasa kamfanin a 1930, bayan ya ziyarci Bordo ya ga yadda ake yi. A lokacin Faransa ce ke riƙon Labanan, sojojinta da ma'aikatanta su ne masu sayen farko. Sai dai ya yi wani abu da ya zame wa 'ya'yansa alheri da jarrabawa a lokaci guda. Gonaki suna Beka'a, amma wurin matsa da ma'ajiya sai ya kafa su a garin Gazir, a wani tsohon gidan sarauta na ƙarni na 18 da ake kira Mazar, inda sunan Musar ya samo asali. Gazir kuwa yana hayin duwatsu ne, arewa da Bairut, yana kallon teku ta wajen Juniya. Dalilin da akan bayar shi ne, iyakokin ƙasar sababbi ne a lokacin, a 1920 aka shata su, ba wanda ya tabbata ko Beka'a za ta dawwama a cikin Labanan ko za ta koma Siriya. Gona ba ta ɗaukuwa, amma aƙalla gangunansa suna cikin danginsa. Sakamakon haka, duk ƙwayar inabin da aka tsinka tilas ta hau mota ta yi tafiyar kimanin kilomita 70, ta ƙetare mashigar nan ta Dahar al-Baidar, kafin ta isa inda za a matse ta. A Bordo tsakanin gona da wurin matsa sau da yawa bai fi jifa ba.

Girbi yakan fara daga watan Agusta ya kai Oktoba. Mai kula da gona yana yawo yana tauna 'ya'yan, yana duba ko ƙwallon ya yi ruwan ƙasa, ana kuma auna zaƙin ruwan. Idan lokaci ya yi, kwana biyu ko uku na jinkiri sun isa su ɓata aikin shekara, domin rana za ta fara mai da inabin zabibi a bisa itace. Masu tsinka galibi Larabawan ƙauye ne makiyaya, maza da mata, waɗanda kan kafa tantunansu a gefen gonaki. Tun duhun asuba suke shiga, a durƙushe, domin itacen gajere ne, suna ɗaga rassa suna yanko curi-curi da hannu, kafin hantsi ya yi zafi an tashi. Ba don tausayin ma'aikaci kaɗai ake sammakon ba. Inabi da an raba shi da itace ya fara mutuwa. A jikin ɓawonsa akwai wata farar hoda mai ɗauke da yis na halitta, irin abin da ke sa ƙullun waina ya kwana ya tashi. Idan 'ya'yan ƙasa suka fashe saboda nauyin na sama, ga kuma zafi, sai ruwan ya fara tsimuwa a bayan mota ba tare da mai lura ba, ƙarshensa ya koma tsami. Don haka direba da rana yake tsere. A zaman lafiya tafiyar 'yan sa'o'i ce.

Babban ɗan Gaston, Serge Hochar, shi ya karɓi aikin haɗa giyar a 1959, ya kuma yi karatun sana'ar a jami'ar Bordo a hannun Emile Peynaud, wanda ya shahara a wannan fanni. Ƙanensa Ronald ya riƙe sha'anin kuɗi da ciniki. Suna cikin haka sai yaƙin basasa ya ɓarke a watan Afrilu na 1975, bai lafa ba sai 1990, bayan ya ci rayukan mutane fiye da 100,000. Hanyar Bairut zuwa Dimashƙa, wadda ita ce jijiyar kamfanin, ita ce kuma jijiyar yaƙin. A 1976 sojojin Siriya suka shigo ta kanta. A wannan shekara babu hanya, babu mai, babu wutar lantarki, inabi ya nuna a gona ba a iya kai shi Gazir ba. Duk wanda ya bi jerin kwalaben gidan shekara-shekara zai ga daga 1975 an tsallaka zuwa 1977.

Abin ya ƙara muni bayan 1982, sa'ad da Isra'ila ta mamaye kudancin ƙasar har zuwa yammacin Beka'a. Fagen dagar da ya raba tankokinta da na Siriya ya ratsa ta yankin gonakin ne, aka zauna a haka har 1985. A watan Satumba na 1983, daidai lokacin girbi, wani sabon faɗa ya tashi a duwatsun Shuf tsakanin mayaƙan Duruz da na Kirista, ya rufe hanyar da aka saba bi. Direbobi suka koma zagaye ta arewa, ta ƙananan hanyoyin kan dutse, suna wuce shinge bayan shinge, kowane da tasa tutar da nasa tambayoyin, a zamanin da katin shaidar mutum, wanda aka rubuta addininsa a jiki, yana iya zama sanadin ajalinsa. A 1984 motocin da suka samu fita sai da suka yi kwanaki a hanya. Ko da suka isa Gazir inabin ya riga ya fara tsimuwa a cikinsu. An dai matse shi an zuba a kwalba, amma aka ƙi fitar da shi kasuwa, ya zauna a ma'ajiya shekaru masu yawa.

Ana iya tambaya, me ya hana su sayo inabi daga wani wuri mai sauƙin hanya, ko ma su kwashe su koma Faransa kamar yadda attajiran ƙasar da yawa suka yi? Amsar tana cikin abin da aka bayyana a baya. Abin da suke sayarwa ɗanɗanon tsakuwar Ana da Kafaraya ne da sanyin darensu, in aka sauya gona sunan ne kawai zai saura a jikin kwalba. Mujallun Turai sun yi ta yabon jaruntakar Serge Hochar, kuma ya cancanta, tun da ya tura iyalinsa waje shi ya zauna. Amma gaskiya ita ce ba shi ke durƙushe a gona tsakanin rundunoni biyu ba, ba shi ke riƙe da sitiyari a bakin shinge ba. Sunayen waɗancan ba su shiga mujalla ba, kuma kuɗin kwalba guda a kantunan Landan ya fi abin da mai tsinka ke samu a kwanaki da dama.

Yaƙin da ya kashe musu kasuwar gida shi ya tura su waje. Kafin 1975 kusan duk abin da suke yi a Labanan ake shanye shi, kafin a gama yaƙin kuwa kusan duka ƙetare yake tafiya. A 1979 suka kai kayansu wani bajekoli a garin Biristol na Ingila, inda Michael Broadbent, shugaban sashen giya na kamfanin gwanjo na Christie's, ya ɗanɗana ya yaba a rubuce. Daga nan sunan ya bazu. A 1984, shekarar da inabinsa ya tsimu a mota, mujallar Decanter ta Ingila ta zaɓi Serge gwarzonta na shekara, shi ne kuma mutum na farko da ta taɓa ba wannan lamba.

A Gazir aikin ba shi da yawan hayaniya. Kowane iri daban ake zuba shi cikin manyan tankunan siminti, da ɓawonsa da ƙwallonsa, ba a ƙara masa yis na kanti. Cikin 'yan kwanaki sai ya ɗau zafi yana kumfa, yis yana cin zaƙin yana mai da shi barasa, ruwan kuma yana jan launi da bauri daga ɓawo. Bayan wasu watanni sai a juye shi cikin gangunan katako da aka yi da wani icce na dazuzzukan Faransa mai suna ok, ya shekara a ciki yana shaƙar iska kaɗan-kaɗan ta jikin katakon, baurinsa yana laushi. Sai a shekara ta uku ake haɗa irin ukun, bisa ga abin da harshen mai haɗawa ya gaya masa game da wannan shekara, a ɗura a kwalba ba tare da tacewa ba. Daga nan a jera kwalaben a ɗakunan da aka haƙa cikin dutse, inda sanyi ba ya sauyawa rani da damina, su ƙara shekara huɗu a kwance cikin duhu da yanar gizo-gizo. A lokacin yaƙi ɗakunan nan sun zama mafakar mutane daga ruwan bama-bamai. Jimla shekara bakwai ke nan daga girbi zuwa kasuwa, alhali kamfanoni da yawa a shekara ta biyu sun sayar sun karɓi kuɗinsu. A ƙasar da ba a san abin da gobe za ta haifa ba, mutum ya binne jarinsa na shekara bakwai a cikin dutse, lalle akwai taurin kai a ciki.

Ba kowa ne ya yarda da sakamakon ba. Akwai masana da ke cewa giyar tana da wani ɗan tsami mai hawa hanci da wani wari-wari irin na fata, waɗanda a makarantun sana'ar aibi ake kiransu, kuma ta bana ba ta kama da ta bara. Masu sonta kuwa wannan rashin kamar shi suke biya. Shi dai Serge bai ɓoye cewa ba ya son gyara abin da shekara ta kawo. Amma yana da iyaka. A 1992, ga zaman lafiya ya samu, hanya a buɗe, sai yanayi ya ƙi, inabin bai nuna yadda ake so ba. Bai fitar da babbar giyar gidan ta wannan shekara ba sam.

Serge Hochar ya rasu a ranar ƙarshe ta 2014, yana iyo a teku a Akafulko ta ƙasar Meziko, yana da shekara 75. 'Ya'yansa Gaston da Marc da ɗan ƙanensa Ralph suka ci gaba da aikin. Kwarin kuwa bai huta ba. A 2006 an yi yaƙin kwana 34 tsakanin Isra'ila da Hizbullah, aka tsagaita wuta a tsakiyar Agusta, inabi yana gab da nuna, aka shiga girbi gadoji suna karye. A 2010 zafin da aka yi ya ƙone kaso mai yawa na Kabane a bisa itace, kuma masu gonaki a duk faɗin kwarin suna lura da cewa girbi yana ƙara matsowa da wuri, dusar kan duwatsu kuma, wadda ita ce rijiyarsu, ba kullum take taruwa kamar da ba. Daga 2011 dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Siriya suka cika Beka'a da tantuna. A 2019 kuɗin ƙasar ya karye, bankuna suka riƙe ajiyar mutane. A ƙarshen Satumba na 2024, ana ƙarasa girbi, jiragen yaƙin Isra'ila suka yi ta ruwan wuta a kudancin ƙasar da sassan kwarin. Inabin da aka tsinka a wannan kaka, in an bi ƙa'idar gidan, ba zai bar Gazir ba sai 2031.